Farin Kifina da Jar Kwalbar Fulbert

Madam Odile, ki taimake ni kafin Lahadi, don kaina ya ɗau zafi!

Shekaruna sittin da uku, takwas ke nan da rasuwar maigidana, kuma ga ni ina waƙa a kicin kamar ƴar makaranta. Sunansa Fulbert, manomin inabi ne daga Chinon, garin jar giya can nesa da teku. A bikin jikar ƙawata muka haɗu, ya taka mini ƙafa sau biyu a filin rawa, ni kuwa ban ji zafi ba. Da ya ce jar giya kaɗai yake yi, bakina ya riga hankalina, na ce ai ita ce abar ƙaunata. Ni, da na yi shekara arba'in ina sayar da kifi a bakin teku, ban taɓa yarda jar kwalba ta hau teburina ba!

To, na gayyace shi abincin rana, ya ce yana mutuwar son kifi. Zan gasa farin kifi a tanderu da man shanu da lemon tsami da farar giya, yadda mahaifiyata ta koya mini. Jiya ya bugo waya yana ta zumuɗi, wai zai zo da kwalbar jar giyar da ya ɓoye shekara goma. Na gwada haɗa kifin da jar giya sau uku, duk ɗanɗanon tsohon cokali nake ji. Kyanwata har ta yi ƙiba da cin ragowar kifin. In na ajiye kwalbarsa gefe, na ci masa fuska. In na buɗe, na kashe kifina. Kuma ina son mutumin nan, Madam, wallahi ina sonsa.

Mai Rawar Kai, Le Croisic

Ƴar'uwa Mai Rawar Kai,

Ki zauna ki sha ruwa tukuna. Harshenki bai yi ƙarya ba: lemon tsami da tsohuwar jar giya ba sa shiri, kuma bai kamata girkin mahaifiyarki ya biya kuɗin suɓutar bakinki ba. Amma shi ma ki duba masa. Wanda ya tono ajiyar shekara goma, abin da ya fi ji da shi ya ɗauko miki.

Ki gasa kifinki yadda kika saba, minti goma sha biyar, kada ki wuce. Ki sanyaya farar giyarki. Da ya shigo ki buɗe tasa a gabansa, ki bar ta ta sha iska, ku sha ta da cuku bayan kifi. Sannan, tun kafin ya ɗaga cokali, ki faɗa masa gaskiya kina dariya. In ba haka ba, jar giya za ki yi ta sha har ƙarshen ranki.

Cukun nan kuma ki saye shi da yawa. Mutumin Chinon da ya rantse yana mutuwar son kifi, ina kyautata zaton shi ma bakinsa ne ya riga hankalinsa.

Allah ya kai mu Lahadi, ya sa a ci gaba da taka miki ƙafa.

Odile