Dutsen Kabarin Tok Sahak Ya Ƙi Zama

Zuwa ga yayata Kak Rohani, a Katanning, ƙasar Ostareliya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa sanyin garinku bai ƙarasa daskarar miki da fuska ba, don dama ba ki cika dariya ba. Mu nan tsibiri lafiya lau. Mahaifiyarmu Mak tana fama da gwiwa, kakarmu Nek kuma tana cin shinkafarta da kifi, tana zagina kamar kullum. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san iyakata allo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar maƙabarta. Iskar da aka yi watan jiya ta kayar da bishiya a kan tsofaffin kaburbura na bakin teku, duwatsu da yawa suka karye, har da na kakanmu Tok Sahak. Kawunmu Pak Long Kassim ya sayo gam ɗin nan mai kwalba biyu, wanda sai an gauraya yake kamawa, in ya kama kuwa ko guduma ba ta raba shi. Ya ce in zo in taya shi, wai ko sau ɗaya hannuna ya yi abin da ba tsokana ba. Muna kankare bakin karaya, mu wanke, mu bari ya bushe, mu shafa, mu ɗaure da igiya. Duk wanda muka haɗa ya zauna daram.

Sai na Tok. Da muka kankare shi muka tarar da tsohon siminti a bakin, alamar an taɓa gyara shi. Bakin bai hau gindin sosai ba, amma muka cike da gam, Nek ta ɗaura masa sabon farin ƙyalle, ta zuba ruwan fure, muka tafi. Washegari da safe muka tarar da gindin tsaye babu kai. Kan yana kwance can gefe, ƙarƙashin bishiyar nan mai farin fure, ƙyallen a ɗaure yadda ta ɗaura shi. Pak Long bai ko tambaye ni ba ya kama kunnena. Ya ce, wanda ya sa ƙaguwa a takalmin liman, me zai gagare shi? Kak, na rantse har na gaji. Ke ma na san yanzu kina cewa ni ne. Wallahi ba ni ba ne, ina wasa da masu rai, ba na wasa da waɗancan.

Muka sake mannawa, wannan karon har da turaku. Da gari ya waye, kan yana ƙarƙashin bishiyar, wuri ɗaya, sunan Tok yana kallon sama. Pak Long ya ce aikin manyan ƙaguwoyin nan masu fasa kwakwa ne, tunda har tukunya suna ja. Na ce, Pak Long, ƙaguwar da ta ɓamɓare gam ɗin da guduma ta kasa, ai sai mu ba ta aikin. Bai yi dariya ba. Ni ma da na taɓa gam ɗin da ke kan gindin sai na bar wasa, don ya bushe ƙam, sumul, kamar ba a taɓa ɗora masa komai ba. Ƙasa kuma jiƙe take, amma babu sawun ja, babu sawun ƙafa.

Ina tsugune a wurin na lura da wani tsohon gindi marar kai cikin ciyawa, dab da inda dutsen yake kwanciya. Don in tsokani Pak Long na ɗaga kan na ɗora a kai, na ce to ga inda kake so, zauna. Kak, sai ya shige. Kowane haƙori ya faɗa raminsa, ko gashi ba zai ratsa ba. Na girgiza shi, bai motsa ba. Pak Long ya ja da baya yana salati.

Aka kawo Nek. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce an yi wata babbar iska tana cikin takabar Tok, maza suka gyara duwatsun, ashe a gindin wani suka ɗora kan nasa, da ta fito sai ta bi suna. Ta ce ashe shekara da shekaru wani bawan Allah take kai wa ƙarar surukanta, ya yi ta haƙuri bai taɓa cewa uffan ba. Muka yi dariya kaɗan. Kin san ta sa an bar mata fili kusa da wancan kabarin. Sai ta auna gefen wannan na gaskiyar da sandarta, tsakaninsa da bishiyar, ga wurin mutum ɗaya cif, ko ciyawa ba ta fito a kai ba. Ta ce, Sahak bai taɓa iya kiran mutum da baki ba, sai dai ya yi ta ajiye abu a hanya har ka gane.

Tun ranar dutsen bai sake motsi ba, kuma har yau ba mu sa masa gam ba. Nek ta fito da likkafaninta ta shanya, ta raba tukwanenta, ta ce in gaya miki zobenta naki ne, amma hannu da hannu za ta ba ki. Lafiyarta ƙalau, abin da yake ba ni tsoro ke nan. Na sha yi miki ƙarya don ki zo da tsaraba, wannan ba irinta ba ce. Ki hau jirgin da ya fara samuwa.

Ki gaida maigidanki Abang Yusri, da gwaggonmu Mak Ngah Salbiah, da 'yan biyunki masu kunnuwa irin nawa. Mak da Pak Long suna gaishe ki. Nek ta ce ba ta aiko gaisuwa ba, wai ki zo ki karɓa da kanki.

Ƙaninki da ba a yarda da shi,
Mazlan