Ɗari Bakwai na Kawu Nazih

Talata, 14 ga Mayu
Yau na'urata ta kama wani. Aikinta ke nan: ta shinshino mai sayen hannun jari da yawa a ɓoye, ta riga shi saye, ta sayar masa da tsada kafin ƙiftawar ido. Shi wannan ɗari bakwai-bakwai yake saye, duk bayan minti goma sha ɗaya. A kaf Dubai mutum ɗaya na sani mai wannan ɗabi'a: Kawu Nazih. Minti sha ɗayan nan, tsawon shan kofin shayinsa ne. A ofishinsa na unguwar Deira na koyi kasuwa.

Laraba, 15 ga Mayu
Basil, shugaban sashenmu, ya leƙo. "Rasha, wane tsohon agogo ne wannan? Matse shi!" Na yi dariya. Ni, har da dariya! Sannan na ƙara wa na'urar layi uku na umarni, don na san idan Kawu ya idar da la'asar yakan ninka saye. Ita ba ta san wannan ba. Ni na gaya mata.

Lahadi, 19 ga Mayu
Abincin rana a gidan Kawu. Matarsa Inna Widad ta yi miyar mulukiyya, Kawu sai juya cokali. Wai iyalin da suka damƙa masa dukiyarsu shekara talatin sun fara zargin shi ke cinsu. "Duk inda na sa ƙafa, sai in tarar an riga ni."
Na ce ya kai cinikin kasuwar duhu, inda ba mai ganin me kake saye sai an gama.
"Ni? Da furfurata zan koma ciniki a duhu kamar ɓarawon akuya?"
"To Kawu, ko ɗari bakwai ɗin nan ka canza mana."
Bakin nan nawa! Bai ce wa kowa a nan matsalar take ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙara mini shinkafa.

Alhamis, 23 ga Mayu
Iyalin nan sun ƙwace amanarsu daga hannun Kawu. Inna ce ta kira, tana kuka.

Juma'a, 24 ga Mayu
Da ban yi ba, wani zai yi. Doka ma ba ta hana ba. Tun safe nake maimaita wannan, ya ƙi zama. Kunya nake ji, wallahi, kunya.

Talata, 4 ga Yuni
Na goge layi ukun. Gyara ne kawai, ba wani abu ba, ai babu sauran wanda za su kama. Basil ya tambaya, na ce sun tsufa.
Kawu ya turo hoton kofinsa. "Yanzu a hankali nake shan shayina, 'yata. Ba mai ƙirga mini."
Na dai tambayi Inna ko yana gida ranar Lahadi.