Kowa Da Makunninsa

Daren Laraba, Talata Mafara.

Yau muka tare a sabon ofis. Injiniyar ginin ta ce ba za a ba shi shaidar tattalin wuta da kare muhalli ba sai kowane ma'aikaci na da makunnin fitilarsa a tebur, ya ƙara haske ko ya rage yadda idonsa ke so.

Da la'asar hadari ya haɗo, ofis ya yi duhu, ina ta kanne ido a kan aiki. Injiniyar ta leƙo ta ce, "Malam Bello, mi kake jira? Fitilar taka ce fa."

Ashe jira nake babba ya kunna. A gidanmu na Tsibiri fitilar ƙwai ɗaya ce, Baba kaɗai ke taɓa lagwaninta. Mukan kewaye ta a tabarma, kai da kai, mai karatu da mai ɓarar gyaɗa. In ya rage ta, hira ta ƙare.

Na kunna tawa. Haske tar, ba warin kananzir. Wallahi sai da na waiga, ko zan ji "Wa ya aike ka?" Kowa na can ƙarƙashin tasa, shi kaɗai.