Ni Na Kashe Kolon, Ba Hadiza Ba

Zuwa ga Mushe Direkte, shugaban labo, wato ɗakin binciken magunguna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ya muka ji da wannan fari? Allah ya kawo sauƙi.

Ni ne mai kula da injin rarrabe sinadarai. Sau uku ina zuwa biro, wato ofishinka, ba ka ba ni fuska ba, shi ya sa na fito fili a jarida. Wallahi da kunya nake rubutun nan.

Na ɗaya. Maganin ƙwayar cutar birus da ɗalibarmu Hadiza take bincike a kai, ƙwayoyin sinadarinsa iri biyu ne, kamar hannun dama da na hagu: ɗaya ke kashe cuta, ɗayan illa yake yi wa jiki. Bututun ƙarfen da muke kira kolon shi ke raba su, sai inji ya zana tsini biyu a takarda.

Na biyu. Ruwan wankin kolon ya ƙare. Ka ce sojojin da ke mulki sun hana sayen komai sai hatsi, in wanke da sinadarin aseton. Na san sarai aseton yana cinye shafen da ke cikin kolon, amma na yi gum. 'Yan uwa da yunwa ta koro daga ƙauye sun cika mini gida, ina tsoron kora.

Na uku. Samfurin Hadiza ya fito da tsini ɗaya tak. Ta yi ta murna, a zatonta ta tace mai amfanin zalla. Ni kuwa ban fara zuba gaurayen gwaji mai ɗauke da iri biyun ba kamar yadda ƙa'ida ta ce, don kada in ga abin da nake tsoro: kolon ya mutu, ba ya raba komai. Haka na sa hannu a sakamakon.

Da aka sake auna samfurin a wani labo na waje aka ga iri biyun, ka tara mu ka ce ƙarya ta shirya, aka hana ta difilom. Ina zaune a wurin, kaina a ƙasa. Haba, Mushe!

Roƙona, ka rubuta wa malamanta gaskiya, a wanke sunanta, a sayo sabon kolon ta sake aikinta. In kora ce, ni ya kamata a kora.

Jiya a kasuwar Lazaret ta durƙusa ta gaishe ni, tana ce mini Baba, har ta karɓi kayana ta kai mini bakin titi. Ba ta sani ba har yau. A jaridar nan za ta karanta, don na kasa faɗa mata baki da baki.

Allah ya ƙara maka girma, ya yafe mana ni da kai.

Wassalam.

Malam Idi, Harobanda