Na Ƙone Motocin Karan Jikana

Malama, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare tsakanin Kabo da Gwarzo, yau ɗalibaina suna wuce ni a mota ko ɗaga hannu babu. Amma ba wannan ya kawo ni ba.

Jikana ne, Mahbub, shekararsa bakwai. Bara suka yi hatsarin mota, ubansa, ɗana na fari, ya cika a gabansa. Tun daga nan magana sai da ƙyar. Yana cizon yara, yana jifa, har malaman Islamiyya suka ce mu riƙe shi a gida. An yi rubutu, an yi tofi. Na sa masa bulala, wadda na gyara ɗaruruwan yara da ita, ya tsaya yana kallona ko hawaye babu.

Uwarsa Ikilima ta kai shi asibiti a Kano. Likita ta ce wai maganinsa wasa, a bar shi ya yi, babba ya zauna kusa da shi kullum. Na ce karatun zamani ke nan. Sai ya riƙa ƙera motocin kara, ya gwara biyu su wargaje, ya sake ƙerawa, ya sake gwarawa. Ni da na wanke gawar ɗana ba zan iya kallon wannan ba. Na kwashe su na zuba a murhu.

Yau kwana tara, ba ya cin abinci in ina wurin, ya kuma fara buga kansa da bango. Ikilima ta ce za ta tafi da shi gidansu a Mainika. Shi kaɗai ɗana ya bar mini. Yaya zan yi?

Tsohon Malami, Gwarzo

Baba, Allah ya jiƙan ɗanka. Ba mugunta ta sa ka ƙone motocin ba, kai ma hatsarin kake gani. Amma likitar ta yi gaskiya. Abin da Mahbub ya kasa faɗa da baki shi yake faɗa da kara, ka katse shi yana tsakiyar magana.

Ka ajiye bulala. Buga kan nan ba abin jira ba ne, ku koma wurin likitar cikin makon nan, ka bi su da kanka. Ka ba Ikilima haƙuri, ɗanta take karewa. Ko ta tafi Mainika, ka riƙa zuwa.

Sannan ka samo kara, ka zauna a ƙasa inda zai gan ka, ka fara ƙera mota. Kada ka kira shi, kada ka gyara masa, nan ba aji ba ne. In ya gwara su, ka zauna. In hawaye ya zo maka, ka bari ya gani, ya san ba shi kaɗai ya yi rashin ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarka.