Hannun da Ban Sa Ba

Cheras, 4 ga Mayu

Yaya Walida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da ƙafar Inna. Mu ma lafiya lau a nan ƙasar waje, maigidana Tajuddeen yana ta fama da digirinsa.

Kin san kamfanin da nake aiki, mai tura ma'aikata gidajen tsofaffi su kula da su. To, Puan Rosnah mai kamfanin (Puan shi ne Madam a yarensu) ta tura ni kwas ɗin zama manaja. Ya kamata in yi murna, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Akwai mutum uku da suka riga ni fara aiki, 'yan ƙasa kuma, ta tsallake su. Tsohon manajan, Mista Raju, ya tafi ko sallama bai yi ba, kuma babu mai son a ambaci sunansa. Tajuddeen ya ce na cika zargi.

Ƙanwarki,
Bashira

Cheras, 20 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jikin Inna? Na ci jarrabawar, takardar shaida tana hannuna.

Washegari Puan ta ajiye mini rajistar ziyara ta watan Maris, wai in sa hannu don a cika fayil. Ni kuwa abin da aka fi nanata mana a kwas shi ne, duk wanda ya sa hannu shi zai amsa tambaya. Na duba sai na ga sunan Pak Osman, wani dattijo a unguwar Sentul da ya faɗi a banɗaki ya karye a ƙugu. Rajistar ta nuna an je masa kullum, amma duk watan da biro ɗaya aka cike shi, rubutun ma ɗaya. Na ce mata zan karanta tukuna. Ta yi murmushi, idonta bai yi ba.

Ki sa ni a addu'a.
Bashira

Cheras, 2 ga Agusta

Yayata,

Gaisuwa da kewa. Na hau jirgin ƙasa na je Sentul. 'Yar Pak Osman ta rantse mini kwana huɗu babu wanda ya leƙa mahaifinta, a ƙasa ta same shi, kuma ta kai ƙara hukuma. Na nemi lambar Mista Raju na kira shi. Shi ma rajistar nan ce ta kore shi. Yanzu na gane, baƙuwa Puan take nema, wadda za a ɗora wa laifi ta koma ƙasarsu.

Ban sa hannu ba, na ajiye aikin. Ranar Alhamis masu bincike za su ji ta bakina, kuma abin da na gani zan faɗa. Kada ki gaya wa Inna.

Ɗazu Puan ta aiko direbanta da shinkafa da kaza, wai babu komai tsakaninmu. Tajuddeen ya miƙa hannu zai buɗe, na ɗauke ledar. Yaya, ban taɓa gaya mata inda muke zaune ba.

Taki har kullum,
Bashira