Yaran Saje Habu da Ruwan Kanal

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya Legas? Ya ƙarin haƙurinmu na rashin ƙaninmu Saje Habu? Allah Ya jiƙansa.

Tun da ya bar soja ya buɗe shagon taki a Kura, duk Asabar yake rufe shagon ya koya wa yara iyo a kanal. Yakan ce ya binne abokai a fagen daga, ba zai zauna ruwa yana cinye yaranmu ba. Ko arba'in bai kai ba ciwon hanta ya ɗauke shi.

Jiya ɗalibaina suka tare ni: "Malam, shi ke nan an daina?" Ga shi an sako ruwan noman rani, kuma ko an hana su sai sun shiga.

Na ce ba a daina ba. Manyan da Habu ya yaye za su koyar. Ni kuma, da ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwata ba, zan bi sahun ƙanana in koya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutan gida.

Ƙaninka,
Nasiru